Jagora: Yadda Ake Lura da Tsarin Dangi a Binciken Ƙwayoyin Gadon Amfanin Gona

Jihar Taraba tana cikin jihohin da Allah ya hore wa yalwar irin shuka. Daga fadamun Binuwai na Lau da Karim Lamido, zuwa gonakin shinkafa na Gassol da Mutum Biyu, zuwa doyar Zing, har kan tsaunin Mambila inda sanyi ke sarauta, kowane yanki yana riƙe da irin da ya gada daga kakanni. Ɗalibin aikin gona da ke zaune a unguwar Barade ta Jalingo, ko yana Jami'ar Jihar Taraba ko Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo, ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya tara dawa iri ɗari biyu masu bambancin tsayi, launi da lokacin nuna. Yanzu da kuɗin karanta DNA ya sauko, irin wannan ɗalibi zai iya tambayar wane wuri ne a cikin gadon dawa yake sa ta nuna da wuri, ko ta jure wa ƙuduji.

Hanyar da aka fi bi wajen amsa wannan tambaya ita ce binciken alaƙa, wanda masana ke taƙaita sunansa da GWAS. Ana tara iri masu yawa, a auna siffar da ake so a gona, a karanta dubban alamomi a jikin DNA ɗinsu, sannan a gwada kowace alama ko tana tafiya tare da siffar. Alamomin da aka fi amfani da su su ne SNP, wato wuraren da harafi ɗaya na DNA ya bambanta tsakanin wannan iri da wancan. Babban abin da ke lalata wannan aiki shi ne tsarin dangi. Wanda bai lura da shi ba zai fito da sakamako mai ban sha'awa wanda babu gaskiya a cikinsa. Wanda ya wuce gona da iri wajen gyara shi kuma zai binne gaskiyar da ya fito nema.

Mene ne tsarin dangi, kuma yaya yake yaudara?

Irin da manoma ke riƙe da su ba su da kusanci iri ɗaya da juna. A 1972 Harlan da de Wet suka raba dawar duniya gida biyar: baikala, gini, kaudatum, kafir da durra, tare da waɗanda suka gauraya a tsakaninsu. A ƙasarmu kaura, mai manyan ƙwaya da galibi suke rawaya, tana tsakanin durra da kaudatum. Dawar gini mai sakakkiyar zangarniya ta fi yawa inda ruwan sama ke da yawa, don sakin zangarniyar yana sa ta bushe da wuri, ta tsira daga ruɓewa. Masakwa kuwa ana dasa ta ne bayan damina a ƙasar laka ta yankin Tafkin Chadi. Kowane gida ya shafe ɗaruruwan shekaru yana haihuwa a cikin kansa, don haka ya bambanta da sauran a dubban wurare na DNA, har da wuraren da ba su da wani aiki.

Ga lissafi na misali. A ce ka tara iri 200: ɗari daga kudancin jihar, masu fitar da kai a kwana 110, ɗari daga arewa, masu fitar da kai a kwana 95. A ce akwai wata alama da ba ruwanta da fitar kai, amma saboda tarihi kawai 80 cikin na kudu suna ɗauke da ita, na arewa kuma 20 ne kaɗai. Masu alamar su ɗari ne, matsakaicin kwanakinsu 107. Marasa ita su ma ɗari ne, matsakaicinsu 98. Kwamfuta za ta ce alamar tana jinkirta fitar kai da kwana 9, kuma lissafin zai nuna ƙarfi sosai. Amma idan ka duba cikin na kudu su kaɗai, mai alamar da maras ita duk kwana 110 ne. Alamar ta nuna asalin iri ne kawai. Irin waɗannan alamomi dubbai ne a cikin kowane tari. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Wannan matsala ta fi tsanani a siffofin da suka bi yanayin ƙasa. Tun a 1968 D. L. Curtis ya nuna cewa dawar gargajiya ta Najeriya tana fitar da kai daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a yankin da ta fito, domin tana auna tsawon rana. Ke nan lokacin nuna da asalin iri a ɗaure suke tun daga tushe. A 2018 Marcus Olatoye da abokan aikinsa suka nazarci dawar Najeriya sama da iri 600 don ganin yadda gadonta ya bi yawan ruwan sama daga arewa zuwa kudu, Fanna Maina da nata abokan aikin kuma suka yi makamancin haka a kan dawar Nijar sama da iri 500. Duk mai shirin irin wannan aiki a Taraba ya kamata ya fara da karanta su.

Mataki na ɗaya: gyara tun daga tara iri

Rabin maganin yana hannunka kafin ka taɓa kwamfuta. Duk zangarniyar da ka karɓa, rubuta ƙauyen da ta fito, lambobin wurin daga wayarka, sunan da manomi ke kiran irin, da inda ya samo shi: gado ne, kasuwa ya saya, ko malaman gona ne suka raba. Rubuta ko a tudu ake shuka shi ko a fadama. Taraba tana da ƙabilu masu yawa, kuma iri yakan bi hanyar auratayya da zumunci, saboda haka harshen ƙauyen ma abin rubutawa ne. Waɗannan bayanai su ne za su fassara maka rukunonin da lissafi zai fitar daga baya.

Ka nemi bambanci a cikin kowane gida. Idan duk kaurarka gajeru ne, duk gini kuma dogaye, babu lissafin da zai raba tsayi da asali. Ka sha wahala ka nemo doguwar kaura da gajeriyar gini, domin su ne za su ba binciken ƙarfi. Kada rukuni ɗaya ya zama iri 180 ɗayan kuma 10. Tarin da bai kai iri 200 ba da wuya ya gano komai sai ƙwayoyin gado masu babban tasiri.

Dawa ta fi barbarar kanta, amma iska tana kawo gauraye. Ka rufe kai da jakar takarda kafin ya yi fure, ka maimaita haka zuriya ɗaya ko biyu, don ganyen da za ka ciri DNA da shukar da za ka auna su zama abu guda. Idan shinkafa kake nazari, kada ka haɗa shinkafar Afirka ta gargajiya da ta Asiya irin su FARO 44 a lissafi ɗaya, domin jinsi biyu ne daban. Idan rogo ne ko doya, ka sa ran iri ɗaya zai zo maka da sunaye uku daga ƙauyuka uku.

Mataki na biyu: kada gona da ɗakin gwaji su ƙara maka ruɗani

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jera iri bisa yadda aka tara su: na Wukari a gefen rafi, na Lau a kan tsakuwa. Nan take bambancin ƙasa ya hau kan bambancin dangi. Ka bar ƙuri'a ta zaɓa wa kowane iri kunyarsa, ka maimaita shi aƙalla sau biyu a kowace gona, ka shuka a wurare biyu ko uku, damina biyu. Ka shuka duka rana ɗaya, tunda dawar da ke auna tsawon rana takan canza adadin kwanakinta idan ranar shuka ta canza.

Haka ma a ɗakin gwaji. Ana zuba DNA a faranti masu ramuka 96. Idan faranti ɗaya duk na yanki ɗaya ne, kuma aka sami tangarɗa a karatunsa, tangarɗar za ta fito kamar wani sabon dangi. Ka gauraya samfuran a kan farantan, ka ajiye bayanin wanda ya shiga wane.

Mataki na uku: tace alamomi

Ko ta hanyar GBS aka karanta maka DNA, wadda Elshire da abokansa suka fitar a 2011, ko ta allon alamomi irin na wake mai SNP 51,128, dole ka tace. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a cire alamar da ba a karanta ta ba a sama da kashi 20 cikin ɗari na iri, a cire wadda ɓangarenta maras yawa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, a kuma ware irin da ya nuna gauraye fiye da kima ga shuka mai barbarar kanta. Sannan ka gwada kowane iri da kowane. Biyun da suka yi daidai da kashi 99 cikin ɗari ko fiye abu ɗaya ne, ka riƙe ɗaya ko ka haɗa awonsu.

Don nazarin dangi kaɗai, ka yi wani tari na biyu na alamomi wanda ka rage masu maƙwabtaka da ke maimaita labarin juna. Manhajar PLINK tana yin wannan. Idan ba ka rage ba, wani yanki guda na kuromosom mai cunkoson alamomi zai iya jan lissafin duka zuwa gare shi, ka ɗauka rabuwar dangi ce.

Mataki na huɗu: ga tsarin da idonka

Fara da PCA. Wannan lissafi yana matse dubban alamomi zuwa 'yan ginshiƙai, na farko yana ɗauke da babbar rabuwa, na biyu mai bi mata, haka har ƙasa. Price da abokansa ne suka yaɗa amfani da shi a binciken alaƙa a 2006. Zana ginshiƙi na farko a kan na biyu, kowane iri ɗigo ɗaya. Sa wa ɗigogin launi bisa siffar zangarniya, sake zanawa bisa ƙaramar hukuma, sake zanawa bisa farantin ɗakin gwaji. Idan rabuwar ta bi faranti, matsala ce ta aiki. Idan ta bi gidajen dawa ko yawan ruwan sama, ka ga tsarin dangi na gaskiya.

Bayan haka ka ƙiyasta yawan zuriyoyin asali da rabon kowane iri a cikinsu. Manhajar STRUCTURE ta Pritchard, Stephens da Donnelly ta 2000 ita ce tsohuwar hanya, ADMIXTURE ta 2009 kuma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Gwada adadin zuriya daga 1 zuwa 10, kowanne sau da yawa. Sakamakon shi ne jadawalin da ake kira Q, wanda zai ce, misali, wannan iri kashi 70 gini ne, kashi 30 kaudatum. Kada ka ɗauki adadin da manhaja ta zaɓa tamkar hukuncin ƙarshe. Hanyar Evanno ta 2005 takan karkata zuwa biyu, kuma ba ta iya nuna cewa rukuni ɗaya ne kawai. Ita kanta STRUCTURE an gina ta ne a kan zaton barbara ta kowa da kowa, abin da dawa da wake da shinkafa ba sa yi. Sannan idan za ka sa Q a lissafi, cire layin zuriya ɗaya daga cikinsa, tunda jimillar rabon kowane iri ɗaya ce.

Mataki na biyar: auna kusancin kowane biyu

Q da PCA suna kama manyan rabe-rabe ne. A cikin gida ɗaya ma akwai 'yan uwa na kusa da na nesa: iri biyu daga ƙauyuka maƙwabta, ko layuka uku da suka fito daga uwa ɗaya a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Jadawalin K shi ke kama wannan, domin yana ba kowane iri biyu lamba gwargwadon yawan alamomin da suka yi tarayya a kai. Hanyar VanRaden ta 2008 ita ce aka fi amfani da ita, kuma tana cikin manhajojin TASSEL da GAPIT.

Mataki na shida: gina lissafin, ka kwatanta

A 2006 Jianming Yu da abokan aikinsa a ɗakin binciken Edward Buckler suka haɗa Q da K a gaurayayyen lissafi guda, wanda har yau shi ne ginshiƙin wannan fanni. Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce siffar kowane iri ta ƙunshi tasirin alamar da ake gwadawa, da tasirin babban rukuninsa, da tasirin sauran gadon da ya haɗa shi da 'yan uwansa, da ragowar da ba a san dalilinta ba. Alama ba ta samun yabo sai a kan abin da ta bayyana bayan an cire rabon dangi.

Kada ka gudanar da lissafi ɗaya ka tsaya. Yi huɗu a kan kowace siffa: wanda babu gyara, mai Q ko PCA kaɗai, mai K kaɗai, da mai duka biyun. Yawan ginshiƙan PCA da za ka sa ya danganta da siffar. Ka fara duba nawa ne daga bambancin siffar ginshiƙan suka bayyana. Lokacin fitar kai zai iya bin su sosai, kaurin ganye kuma ya ƙi bin su ko kaɗan. GAPIT tana da ma'aunin BIC da ke taimakawa wajen zaɓe, kuma sau da yawa za ka tarar K kaɗai ta wadatar. Bayan nan ka gwada hanyoyin da ke sa manyan alamomi cikin lissafin yayin gwada sauran, kamar FarmCPU ta 2016 da BLINK ta 2019. Alamar da ta tsaya a hanyoyi daban-daban ta fi cancantar a amince da ita. Duk waɗannan manhajoji kyauta ne, kuma iri 300 da alamomi 50,000 ba su fi ƙarfin kwamfutar cinya ta yau da kullum ba.

Mataki na bakwai: duba ko gyaran ya yi daidai

Kafin ka kalli zanen Manhattan mai nuna tsinin alamomi, kalli zanen Q-Q. Yana kwatanta sakamakon da ka samu da wanda za a samu idan babu wata alaƙa. Tunda mafi yawan alamomi ba ruwansu da siffar, ya kamata ɗigogi su kwanta a kan layin tsakiya, sai a can ƙarshe kaɗan su ɗaga sama. Idan suka bar layin tun daga farko, gyaran bai isa ba. Idan suka faɗo ƙarƙashinsa, gyaran ya yi yawa. Ma'aunin lamda na Devlin da Roeder, na 1999, yana faɗin wannan da lamba guda: kusa da 1 shi ne ake so.

Sai kuma iyakar amincewa. Idan ka gwada alamomi 50,000 da iyakar 0.05, kusan 2,500 za su tsallake bisa sa'a kawai. Hanyar Bonferroni tana raba 0.05 da yawan alamomin, wanda a nan zai ba da 0.000001. Tana da tsauri, shi ya sa wasu ke bin hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995. Ko wacce ka zaɓa, ka zaɓe ta kafin ka ga sakamako.

Akwai gwaji mai amfani ƙwarai: auna wata siffa da aka riga aka san ƙwayar gadonta. A dawa an san Tannin1 a kuromosom na 4, Ma1 mai kula da lokacin nuna a na 6, Dw3 a na 7 da Dw1 a na 9 masu kula da tsayi. Idan tarinka yana da bambanci a waɗannan wurare kuma lissafinka ya gano su, hankalinka zai fi kwanciya da sauran abin da ya gano.

Inda lissafi ya gaza

Gyaran dangi yana da tsada. Idan ƙwayar gado ta gaskiya tana cikin gini duka kuma babu ita a kaura ko ɗaya, gaurayayyen lissafi zai shafe ta tare da na ƙarya, domin ba shi da hanyar bambance su. Abin takaicin shi ne siffofin da manomi ya fi damuwa da su, kamar dacewa da tsawon damina, su ne suka fi faɗawa wannan hali.

Tarihin masara ya ba da darasi. A 2001 aka wallafa cewa ƙwayar Dwarf8 tana da alaƙa da lokacin furen masara, kuma an yi gyaran Q a wannan aiki. A 2013 Larsson da abokansa, daga ɗakin binciken Buckler ɗin dai, suka sake nazari da sababbin hanyoyi, suka tarar yawancin ƙarfin alaƙar daga tsarin dangi ya fito. Idan ƙwararru sun koma sun sake duba nasu aikin, ɗalibi ya fi kowa bukatar yin haka.

Mafita uku ce. Ta farko, a yi lissafi a cikin kowane rukuni shi kaɗai, idan yawansa ya isa. Zhao da abokansa sun yi haka a 2011 da shinkafa iri 413, suka tarar alaƙoƙin da ke fitowa sun bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Ta biyu, a haɗa aure tsakanin iri biyu masu bambanci, a bi 'ya'ya da jikoki. A cikin zuriyar iyaye biyu gado yana rabuwa bisa ƙuri'a, tsohon tarihin dangi ya warware. Ta uku, a yi amfani da zuriyoyin da aka gina don wannan manufa. A Amurka an haɗa masara iri 25 da uwa ɗaya mai suna B73 aka fitar da layuka kusan 5,000. A wake kuma an gauraya iyaye takwas, cikinsu har da layukan cibiyar bincike ta IITA, aka fitar da layuka kusan 300 da aka wallafa bayaninsu a 2018.

Maƙwabtanmu sun nuna yadda ake bin wannan hanya har ƙarshe. A 2009 Abdoul-Aziz Saïdou na Nijar da abokan aikinsa suka gano alaƙar ƙwayar PHYC da lokacin furen gero bayan sun yi gyaran dangi, kuma suka tabbatar da ita a wani tari na daban. A 2011 Vigouroux da abokansa suka kwatanta geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tarawa a 2003, suka ga gero ya koma nuna da wuri, nau'in PHYC mai saurin fure kuma ya ƙaru. Alaƙar da ta tsallake gwaji irin wannan ita ce mai kiwon iri zai iya dogara da ita.

Abin da za ka rubuta a rahotonka

Faɗi yawan iri da inda kowanne ya fito, ƙa'idodin tace alamomi da yawan da suka rage, zanen PCA, yadda ka zaɓi adadin zuriya, hanyar da ka gina K, da zanen Q-Q na dukkan lissafin da ka gwada, har da waɗanda ba su ba ka abin da kake so ba. Ga kowace alama da ta yi fice, nuna yawanta a kowane rukuni da tasirinta a cikin kowane rukuni. Ka kira ta alama mai alaƙa, kada ka kira ta sanadi, sai an tabbatar a zuriyar da aka haɗa.

Dalilin wannan tsantseni a fili yake. Mai kiwon iri a Samaru, ko a tashar IITA ta Kano, ko a cibiyar INRAN ta Maraɗi, zai iya kashe shekaru yana zaɓen shuka da alamar da ka wallafa. Idan ta ƙarya ce, shekarun sun tafi a banza, manomi kuma ya ci gaba da jiran irin da bai zo ba. Don haka ina kira ga ɗalibanmu da malaman da ke duba aikinsu a Jalingo da sauran jami'o'in Arewa: kada a karɓi zanen Manhattan da bai zo tare da zanen PCA da na Q-Q ba, kuma kada a miƙa wa mai kiwon iri wata alama sai an gwada ta a zuriyar da aka haɗa aka shuka a gona.